Tiriak Mijin Kakarta

An haifi Tiriak a bazarar 1941, a wani zango mai iyalai biyar a bakin teku, can ƙasar ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya, tafiyar kwana biyu a amalanken da karnuka ke ja daga garin Iglulik. Sunan ba baƙo ba ne a zangon. Na kakanta ne na wajen uwa, wani maharbi da ya rasu wata huɗu kafin haihuwarta. Yana kwance cikin ciwon ajali ya ɗora hannu a kan cikin 'yarsa Ulluriak ya ce, "Ki gyara mini wuri, ba zan daɗe a can ba." A wurin mutanen Inuit, wanda aka sa wa sunan mamaci, mamacin ne ya dawo, da danginsa da halinsa da matsayinsa a gida.

Da jaririyar ta faɗo, ungozoma ta duba ta ce mace ce. Tsohuwa Panikpa, matar marigayin, ta karɓe ta ta jujjuya, ta tsaya tana kallon kunnuwanta.

"To, sai me?" in ji ta. "Ga kunnuwansa nan a tsaye kamar na zomo. Sannu da zuwa, maigida. Ka daɗe a hanya."

Shi ke nan magana ta ƙare. Aka ɗinka wa yarinya rigar fata gajera irin ta maza da wando, gashinta kuwa ba a taɓa barin ya sauko kafaɗa ba. Uwarta tana kiranta Baba. Kakarta tana kiranta maigida, ita ke ajiye mata tsokar da marigayin ya fi so. Wanda abin ya fi ɗaure wa hannu shi ne mahaifinta Kanayuk, don a wurinsa suruki ce. Wata rana tana da shekara huɗu ta yi fatali da man fitilar dutse, man da aka yi kwana biyu ana tarawa, ya malale a shimfiɗa. Kanayuk ya buɗe baki zai yi faɗa, Panikpa ta zare lofe daga bakinta.

"Kanayuk, surukin naka kake ɗaga wa murya? Mutumin da ya ba ka 'yarsa lokacin ko karnuka uku ba ka da su?"

Kanayuk ya haɗiye faɗansa, ya ce, "A yi haƙuri, suruki. Amma don Allah a riƙa duba ƙafa."

Da ta kai shekara bakwai ya fara fita da ita. Ta koyi ɗaura wa karnuka igiya, ta koyi sanin ƙanƙarar da za ta ɗauki mutum daga launinta da ƙarar da take yi in an buga mata sanda. Abin da ya fi wuya shi ne farautar natsik, dabbar tekun nan mai kitse da ke zama a ƙarƙashin ƙanƙara tana leƙo hanci ta ƙaramin rami don ta sha iska. Karnuka ne ke shinshino ramin, daga nan sai maharbi ya sunkuya a kansa da mashi, ba motsi ba tari, wani lokaci rabin yini, don ko ƙafa ka gyara dabbar tana ji daga ƙasa. Tiriak ta yi hunturu biyu tana tsayuwar banza. Tana da shekara goma sha ɗaya ta soki ta farko. Dabbar ta fizgi igiya har ta kayar da ita a gwiwa, amma ba ta saki ba sai da Kanayuk ya iso a guje. Suka jawo ta sama, ya narka ƙanƙara a bakinsa ya ɗiga wa dabbar ruwa a baki kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo da ƙishi, sannan suka ci hantar tun tana tururi. A zango aka raba naman gida-gida, ban da hantar nan Tiriak ba ta ci ko yanka ɗaya ba, haka ake yi da kamun farko. Panikpa ta yini tana bin mutane tana cewa, "Ai dama na gaya muku hannunsa bai manta ba."

Shekara biyu bayan haka jini ya zo mata. Ta zaci rauni ta ji a hawan dutse, ta je ta gaya wa uwarta. Ulluriak ta ɗaga shimfiɗa ta ciro wata riga da ta daɗe tana ɗinkawa a ɓoye, rigar mata mai dogon baya da babbar hula inda ake saka goyo.

"Baba, zo ka gwada wannan."

Tiriak ta kalli rigar, ta kalli uwarta, ta fice. Can wajen karnuka Panikpa ta same ta, yarinyar ta cusa fuska a gashin babban karen. Tsohuwar ta zauna a kan amalanken ƙanƙara, ta ɗauki lokaci tana cusa taba a lofe.

"An kore ni ke nan?" in ji Tiriak.

"Wa ya isa ya kori mutum daga gidansa? Jikin da ka shigo ciki na mace ne, kuma ya kai lokacinsa. Zai nemi haihuwa, zai nemi inda zai sa goyo. Riga ce aka ƙara maka."

"Ba na so."

"Na sani. Ba kai ne na farko ba. Ƙanwar babana haka aka yi mata, ta yi wata guda ba ta yi wa kowa magana ba." Ta busa hayaƙi. "Ni dai abin da na kira ka jiya shi zan kira ka gobe. Ban shirya yin takaba sau biyu ba."

Tiriak ta sa rigar, amma shekarun da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Samarin da suka tashi tare suna kokawa suka fara sunkuyar da kai in ta zo wucewa. 'Yan mata kuwa tun suna shekara biyar suke riƙe allura, ita sai yanzu za ta fara. Ɗinkinta ruwa na shiga, fatar da ta tauna don ta yi laushi sai ta fito da huda, in ta gyara lagwanin fitila gida ya turnuƙe da hayaƙi. Tafiyarta ma ta maharbi ce, ƙafa a buɗe, sai ta ji ana ƙunshe dariya a bayanta. In mahaifinta zai fita da safe, takan taya shi ɗaura karnuka, ta tsaya tana kallo har ya ɓace, sannan ta koma ciki ta ɗauki allura.

Tana da shekara goma sha bakwai wani iyali ya sauka a zangon, cikinsu da wani saurayi siriri mai yawan murmushi, sunansa Simiuni. Ranar farko da suka haɗu a bakin ruwa ba fuskarta ya kalla ba, takalmanta ya tsura wa ido.

"Wa ya ɗinka miki waɗannan? Maƙiyinki ne?"

"Ni na ɗinka."

"To, Allah ya sa ba ki da niyyar taka ruwa."

"Kai da ka iya, sai ka gyara."

Ai kuwa ya zauna a kan dutse, ya zaro allura daga cikin hularsa, ya farke ɗinkin ya sake shi, ƙanana-ƙanana, ba tare da allurar ta huda fatar ta fito ba. Ashe shi ma sunan gwaggonsa ya ci, wata gwanar ɗinki, kuma da kitso ya tashi har shekara goma sha biyu. Tiriak ta zauna kusa da shi tana kallo. Ba ta taɓa samun wanda ba sai ta yi masa bayanin komai ba sai ranar. Kafin ƙanƙara ta sake kama teku, ita da kanta ta gaya wa kakarta cewa wannan take so. Panikpa ta yi dariya har da tari, ta ce, "Na ga abin da ban taɓa gani ba. Mijina zai yi aure, kuma ni zan gyara masa shimfiɗa."

Da farko sun yi ƙoƙarin zama kamar kowa. Simiuni ya fita farauta, Tiriak ta zauna gida. Shi ba rago ba ne, amma ba shi da haƙurin tsayuwa a kan rami, sau da yawa hannu rabbana yake dawowa. Ita kuma in ta gama ɗinki, sai ya jira ta fita ɗiban ƙanƙarar sha ya farke ya gyara, ta dawo ta gane, kowa ya yi kamar bai sani ba. A haka suka haifi 'yarsu Ruuta. A shekarar ce kuma Kanayuk ya rasu.

A bazarar 1961 jirgin ruwan likitoci ya zo Iglulik, aka kira mutanen zanguna su zo a ɗauki hoton ƙirjinsu. Aka ce Simiuni yana da tarin fuka, sai an tafi da shi asibiti a kudu. Ba a bar shi ya sauko ba. Daga saman jirgin ya jefo wa Tiriak jakar allurarsa, ya ɗaga murya ya ce ta ba uwarta, kada ta taɓa da kanta. Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi, sai da jirgin ya juya sannan ta sunkuya ta ɗauki jakar.

Hunturun shekarar ya zo da wahala. Barewar ƙanƙara ba ta bi hanyar da ta saba bi ba, naman da aka binne a ƙarƙashin duwatsu ya ƙare tun kafin rana ta daina fitowa, maharba uku kacal suka rage wa iyalai biyar. Ba a hana kowa rabonsa ba, amma rabon ya koma kamar tafin hannu, fitilu kuma aka riƙa kunna su rabi-rabi saboda ƙarancin mai. Wata safiya Alurut, dattijon da ke jagorantar zangon, ya sunkuyo ya shigo gidansu. Shi ɗan 'yar'uwar marigayi Tiriak ne, kuma tun ranar da ta sa rigar mata bai sake kiranta da kowane suna ba, in zai yi mata magana sai dai ya yi gyaran murya. Ya zauna, aka ba shi ruwan zafi don shayi ya ƙare, ya daɗe yana juya kofin.

"Kawu," in ji shi, "hannu ya yi mana kaɗan. Ramuka sun fi mu yawa. In mun tsaya a uku, ta na huɗu natsik take fitowa."

Tiriak tana shayar da Ruuta a lokacin. Ta kalli uwarta. Ulluriak ta miƙo hannu ta karɓi jaririyar.

"Je ka, Baba. Ni zan riƙe maka ita."

Ta sa wandon Simiuni da tsohuwar rigar mahaifinta, ta ɗauki mashinsa. Shekara bakwai rabonta da tsayuwa a kan rami, bayanta ya manta, kwana uku tana dawowa ba komai, nono ya cika ya zubo ya daskare a cikin riga, sai ta iso gida a narka kafin ta iya cirewa. Rana ta huɗu ta ji numfashin dabbar a ƙarƙashin ƙafarta, ta jira numfashi na biyu kamar yadda aka koya mata, ta saki mashi. Natsik tara ta kama a wannan hunturu. Ba su hana a yi asarar rabin karnuka ba, amma ba a rasa mutum ko ɗaya saboda yunwa ba.

Panikpa ce kawai ba ta ga bazara ba, ita kuwa tsufa ne da ciwon ƙirji. Ranar da rana ta fara leƙowa bayan watannin duhu, ta sa aka kira mata Tiriak daga wajen karnuka. Ta riƙe hannunta, ta shafa kantar da igiya ta yi mata.

"Maigida, wancan karon kai ka tafi ka bar ni. Yanzu sai ka ɗanɗana ka ji."

Kafin yamma ta cika. Tiriak da kanta ta ɗauko duwatsun kabarin. Daga baya takan ce ta yi kukan jika ta gama cikin kwana kaɗan, amma ɗaya kukan, na mijin da ya rasa matarsa, ya kai shekara, don babu sauran wanda zai ajiye mata tsoka ya jira ta a ƙofa.

Bayan shekara biyu Simiuni ya dawo, an cire masa haƙarƙari uku, huhu ɗaya ya rage masa, ya yi fari kamar wanda aka wanke. In ya shaƙi iska mai sanyi sosai sai tari ya sarƙe shi. A asibiti ya koyi saƙa da zaren ulu, ya zo wa Ruuta da hula ja wadda ta yi mata kaɗan, don a ransa har yanzu jaririya ce. Da ya huta, ya ga mashi a rataye a gefen shimfiɗar Tiriak, ya ga ɗinkin rigar 'yarsa.

"Wannan aikin surukata ne, na gane hannunta. Ke fa, me kika ɗinka a shekara biyu?"

"Igiyar karnuka."

"Madalla. Ki ci gaba da ita."

Daga nan ba su sake wahalar da kansu ba. Ita ke fita, shi ke gida da allura da tukunya, kuma babu gidan da ya fi nasu takalma masu kyau. Suka ƙara haihuwa uku. In ciki ya tsufa takan ajiye mashi ta sa rigar goyo, in ta yaye ta koma. A 1967 suka bi sauran mutane suka tare a Iglulik, cikin gidan katako, saboda makarantar yara. A gari ne suka fara jin ƙananan maganganu, yawanci daga baƙi. Wani malami da ya zo daga kudu ya sa yara su faɗi aikin iyayensu, Ruuta ta miƙe ta ce babanta yana ɗinki, mamarta tana farauta, kuma mamarta ce baban kakarta. Malamin ya zaci Turanci ne ya ruɗe ta, ya sa ta maimaita daidai sau uku. Ta dawo gida tana kuka. Washegari Simiuni ya raka ta makaranta da takalman fata sababbi ya ba malamin, ya ce shi ya ɗinka, fatar kuma matarsa ce ta kamo. Malamin ya yi hunturu huɗu yana sa takalman, bai sake gyara wa Ruuta wannan maganar ba.

A coci, inda aka yi mata baftisma da suna Liitiya, Tiriak tana zama a ɓangaren mata, tana cikin masu dafa shayin biki. In maharba sun taru suna shawarar inda ƙanƙara ta yi ƙwari, tana cikinsu, kuma in ta ce kada a bi ta wani wuri ba a bi. Da karnuka suka ja baya aka koma babur ɗin ƙanƙara, ta koyi kwance injinsa ta ɗaura. Uwarta ta rayu har shekara tamanin da biyu, a gidan Tiriak ta rasu, tana kiranta Baba har ranar ƙarshe. Simiuni ya bi ta a 2009. Tiriak ta ci gaba da fita har gwiwoyinta suka ƙi, tana da shekara saba'in da huɗu, daga nan ta koma kamun kifi a bakin ruwa in bazara ta yi.

Jikarta Miali, 'yar Ruuta, ta yi karatu can kudu, a birnin Ottawa. Wani hutu ta dawo ta sami kakar tana gyaran raga a ƙofar gida, ta zauna tana ta kewaye-kewaye kafin ta fito da abin da ke bakinta.

"Kaka, ke a ranki me kike ɗaukar kanki? Mace, ko namiji, ko tsakani? A makaranta an koya mana sunaye da yawa. Har wata likita ta ce jikin ɗan Adam ma ba kullum yake faɗawa gida biyu ba, akwai jariran da ake haifa ba a iya yanke hukunci."

"Sai yanzu suka gano? Ungozomominmu sun daɗe suna faɗin haka." Ta ja zare da haƙori ta tsinke. "Ni na haifi huɗu, na shayar da su. Na kuma binne matata. Ki je ki tambayi likitar wane gida ke nan."

Miali ta yi dariya. Can ta ce akwai wani abokin karatunta, Iilai, ɗan Inuit ne amma a kudu aka raine shi, a hannun mutanen da ba su suka haife shi ba. An haife shi mace, tun yana ƙarami yake jin ba haka ba ne, da ya faɗa a gida sai aka daina yi masa magana.

"Sunan wa ya ci?" in ji Tiriak.

"Bai sani ba. Ba a gaya masa ba."

Tiriak ta ajiye ragar. "Wannan shi ne maraici," in ji ta. "Ki zo da shi."

Bazara mai zuwa Iilai ya sauka a Iglulik, ɗan shekara ashirin da biyu, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya shirya amsoshi da yawa, Tiriak ba ta tambaye shi ko ɗaya ba. Ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta ɗora daskararren kifi, ta ce a zauna a ci. Da ya ɗauki wuƙa ya yanke yatsa tun a yanka na biyu, ta ɗaure masa tana cewa a gidan nan kifi ake ci, ba baƙo ba. Bayan an ci ta tambaye shi sunan garin da aka haife shi da sunan uwar da ta haife shi, ta sa Miali ta buga waya gidan rediyon gari a yi cigiya har ƙauyukan da ke gaba. Kwana tara ba labari. Rana ta goma wata tsohuwa ta kira daga Sanirajak ta ce ta san uwar, kuma tana nan ranar da aka raɗa sunan. Na wata mata ce mai suna Nutarak, wadda ta yi suna wajen waƙa da rashin haƙuri.

Miali ta damu, don ta so a ce sunan namiji ne. Iilai kuwa ya sa aka maimaita masa sunan har ya iya faɗa daidai, ya tambaya ko matar tana da sauran dangi. Aka ce ɗanta na nan da rai, ya haura saba'in. Sati uku Iilai ya yi a gidan Tiriak yana taya ta jan raga, sannan ya hau ƙaramin jirgi zuwa Sanirajak. Miali ce ta raka shi, ita ta kawo labarin cewa tsohon ya zo filin jirgi da sandarsa, ya dubi saurayin sama da ƙasa, da gajeren gashinsa da ɗan gemun da ya fara tsirowa, ya ce, "Inna, kin rame. Mu je gida."

Da aka gaya wa Tiriak, ta gyaɗa kai, ta ce a duba mata ko ruwa ya janye, don tana so ta kai raga kafin iska ta tashi.